Sunan da Yaya Hurera Ta Faɗa Sau Ɗaya

Da na so in tsallake wannan shekara a cikin labarin nan, don duk lokacin da na tuna ta sai jinina ya hau, uwarku ta fara yi mini faɗa. Amma tun ranar da Abdu ya dawo daga ɗaurin aure a unguwar Mawre fuska a murtuke, ya ce wani dattijo ya nuna shi da baki ya ce ai ɗan wanda aka kora a kan jabun takardu ne, na san shirun da na yi bai amfane ni da komai ba. An shafa mini kashin kaji, ni kuma na bar shi ya bushe, har warinsa ya kai kanku. To ku saurara. An kore ni, wannan gaskiya ne. Jabu kuwa ban yi ba, kuma da za a maido ni wannan rana, abin da na yi shi zan sake yi.

Shekarar ita ce wadda damina ta yaudari mutane, gero ya yi kai bai yi ido ba, sannan soja suka karɓi mulki a Yamai. Gidanmu na Banifandu ya cika da mutanen ƙauyenmu na ƙasar Tawa. Wani ya zo da sunan gaisuwa, wani da sunan neman magani, amma kowa ya san cikin kowa: rumbu ne ya ƙare. Uwarku Mariyama takan tafi kasuwar Piti Marshe ta dawo tana zagin tsadar masara tun daga bakin ƙofa, sannan ta ɗora babbar tukunya ta ciyar da kowa. Bakinta kaifi, hannunta a buɗe, haka na aure ta, haka take har yau.

Ni kuwa lokacin ina aiki a wata cibiyar lafiya ta gwamnati, ba zan faɗi sunanta ba, don akwai mutanen kirki da ke cin abinci a cikinta har yanzu. Ni ba lokotoro ba ne, wato likita, ko allura ban iya ba. Ordinatar ce aikina, wato kwamfuta, a wani ɗan biro, ƙaramin ofis da ke bayan ɗakin radiyo, inda ake ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi. Ku da kuke shafa waya da yatsa ba za ku gane ba sai na yi muku bayani. Hoton da injin asibiti ya ɗauka ba irin hoton biki ba ne. Yana da nasa tsari, ana ce masa Dikom, kuma a cikin kowane hoto akwai sunan marar lafiya da lambarsa da shekarunsa a ɗinke, kamar yadda dukawa ke ɗinke rubutu a cikin laya. Duk inda hoton ya je a duniya, injin can zai karanta ya san na wane ne. Takarda kuwa ba ta da wannan gata. Sakamakon gwajin jini, bayanin lokotoro, takardar magani, duk injin ba ya kallonsu sai an mayar da su irin nasa. Wannan shi ne aikina. In ɗora takarda a kan sikana, injin ya ɗauki hotonta ta shiga ordinatar, sannan in buɗe wani baƙin allo wanda babu hoto babu ado a cikinsa, sai ɗan farin layi yana ƙifta ido yana jirana. In rubuta umarni da hannuna: ɗauki wannan takarda, mayar da ita Dikom, ga suna, ga lamba, ga shekara. In danna. In ka yi daidai allon ba ya ce maka sannu, shiru kawai yake yi. In ka kuskure harafi ɗaya a suna, ya raba maka mutum ɗaya gida biyu, ba ruwansa.

Abin da ya ba wannan aiki nauyi shi ne wata ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai da kan ɗauki yara kaɗan duk shekara ta kai su a yi musu aiki kyauta. Ba sa zuwa su duba yaro da ido. Dosiye, wato tarin takardun marar lafiya, suke dubawa daga can, kuma sun ce sai a tsarin Dikom, komai a ƙarƙashin suna ɗaya da lamba ɗaya. Saboda haka duk yaron da zai tafi sai ya bi ta baƙin allona.

Ana cikin haka Yaya Hurera ta iso. Ita ce babbar yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya ni. Ta sauko daga mota da ƙullin kaya a ka, bayanta wata yarinya ƴar shekara goma sha wani abu, siririya, leɓɓanta sun yi duhu, tana taku tana tsayawa tana neman numfashi. Ɗiyarta ce ta fari. Mijin Yaya ya tafi ci-rani Abijan tun da gona ta ƙi, kakar da ta reni yarinyar kuma ta rasu a wannan rani. Babu mai kawo ta sai uwarta, kuma wannan kaɗai abin kunya ne babba a wurin Yaya. Ku ƴan Yamai kuna kiran ƴaƴanku na fari da suna har da lanƙwasa murya. A ƙauyenmu uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta wasa da shi, sunansa kuwa ba ya fita daga bakinta har ta koma ga Allah. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, kuma Yaya ta riƙe ta fiye da kowa. Yarinyar ma ba ta ce mata Inna, Yaya take ce mata kamar yadda muke faɗa.

Da muka gaisa sai ta kawar da kai ta ce,

"Auta, wagga ce ba ta da lahiya. An ce zuciya ta. Ka san yadda za ka yi."

Lokotoron cibiyarmu ya duba yarinyar ya girgiza kai. Ya ce wata ƙofa ce a zuciyarta ta lalace, magani ba zai gyara ba sai wuƙa, kuma bai ga alamar za ta kai wata shekarar ba. Da kansa ya rubuta cewa a sa ta cikin waɗanda za a aika dosiyensu. Ku lura da wannan: lokotoro ne ya sa ta, ba ni ba.

Da na kwance ledar takardun da Yaya ta zo da su sai na dafe kai. Takardar gidan likitan ƙauye ta ce Larai, don kakarta ce ta kai ta, ita kuma da sunan rana take kiranta, ran Laraba aka haife ta. Hoton ƙirjin da aka ɗauka a Tawa ya ce Uwani, don ubanta ne ya kai ta, shi kuma ba ya iya faɗin sunanta saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Gwajin da aka yi a Yamai ya ce Zainabu, don ni na kai ta, kuma ina wurin ranar da liman ya raɗa mata shi, har naman ragon na ci. Yarinya ɗaya, suna uku, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Babu takardar haihuwa, wa zai ba ta a ƙauyen da ko alƙalin sulhu sai an yi tafiyar yini? Na zauna gaban allo na haɗa su duka a ƙarƙashin sunan yanka. Kuma tsarin Dikom yana da gurbi na musamman da aka tanada don sauran sunayen da ake kiran mutum da su. Turawan da suka ƙera shi ma sun san mutum yakan yi suna fiye da ɗaya. A wannan gurbi na rubuta Larai, na rubuta Uwani, ɓaro-ɓaro, duk wanda ya buɗe zai gani. Mai jabu yana ɓoye sawunsa ne. Ni nawa na bar shi a fili.

Sai dai tun da soja suka hau an kawo mana wani kumandan aka ɗora a kan cibiyar, kuma ya kafa doka cewa babu dosiyen da zai fita sai da sa hannunsa. Gurbin yaro ɗaya ya rage a tafiyar wannan shekara. Duk ma'aikata sun san akwai wani babban ɗan kasuwa da ke yawan zuwa shan shayi a biron kumandan, shi ma yana da yaro mai ciwon zuciya. Ban taɓa jin haushin yaron ba, marar lafiya ne shi ma, amma lokotoro ya faɗa a gaban kowa cewa nasa zai iya jira, na yarinyar ba zai jira ba.

Kumandan ya aiko aka kira ni. Takardun uku suna shimfiɗe a kan teburinsa. Da Faransanci ya fara, har da kirana mushe, wato malam, shi da aka binne cibiyarsa a ƙauyen da bai fi namu girma ba.

"Mushe Idrisa, mutum uku ka haɗa ka yi mutum ɗaya. Ka san sunan wannan a doka?"

"Ranka ya daɗe," na ce da Hausa, "mutum ɗaya ce. Kai ma ka san yadda muke da ɗan fari."

"Ni takarda na sani. Ɗiyar yayarka ce, ko ba haka ba?"

"Haka ne. Amma lokotoro ne ya..."

"To kawo uwar. Ta tsaya nan ta faɗi sunan ɗiyarta da bakinta. In ya yi daidai da abin da ka rubuta, in sa hannu."

Wallahi har yau ban manta murmushin da ya yi ba. Da Bature ne ya faɗi haka da na ce jahilci ne, in zauna in koya masa. Wannan kuwa ya sani sarai. Shi kansa ɗan fari ne. Na taɓa ganin tsohuwarsa ta zo cibiyar neman maganin ƙafa, tana tambayar masu gadi, "Ina mai wurin nan?" don ba ta iya faɗin sunansa. Al'adar da ta rene shi ita ya ɗauka ya mayar tarko, ya ɗana wa ƴar ƙauyen da yunwa ta koro.

Na dawo gida da la'asar na tarar da mata a tsakar gida. Na rasa ta inda zan fara, sai na faɗa kai tsaye. Yaya ta dube ni kamar na zage ta.

"Ni? Gaban maza? Auta, boko ya ci maka hankali? Tun da anka haihe ta bakina bai taɓa shi ba. In hwaɗe shi yanzu da hurhura?"

"Yaya, sau ɗaya ne."

"Sau ɗaya ake zubar da mutunci. Kai ka hwaɗa musu mana, ba kai ka sani ba?"

"Na faɗa. Naki yake so."

Uwarku tana tsinke zogale, ta ajiye kwanon da ƙarfi.

"Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunya za ta sa mata numfashi? Ni dai in tawa ce, a kan rufin biron zan hau in kira sunan har mutanen unguwar Gamkalle su ji."

"Ke ƴar birni ce, Mariyama. Ku ai ba ku da ta ido."

"Na ji, ba mu da ita. Amma muna da kunne, muna jin yadda take kwana a zaune."

Ashe yarinyar tana jin mu daga bakin ɗaki, inda take jingine da bango don kwanciya ba ta yi mata. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce,

"Kawu, a bar Yaya. Kada a sa ta abin da ba ta so. In kwana ya ƙare ai ya ƙare."

Yaya ta tashi ta shiga bayan gida ta daɗe. Washegari da safe na fito na tarar da ita a zaure, ta yafa mayafinta na zuwa suna, takalmi a ƙafa. Muka tari taksi.

A biron akwai kumandan, da wani soja a bakin ƙofa, da sakatare. Ba a ba ta kujera ba. Ta durƙusa a kan siminti kamar yadda ta saba gaban manya. Kumandan ya ce, wannan karon da Hausa tsantsa,

"To, baba, mi sunan ɗiyar taki?"

Yaya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta buɗe baki ta rufe. Fankar sama tana juyawa, sojan bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, don shi ma uwa ta haife shi. Ni kuwa ina ji kamar ni na tuɓe mata zane a kasuwa. Can sai ta ce, da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba,

"Zainabu."

Ta ƙara, a hankali, kamar tana ɗanɗana shi,

"Zainabu sunanta. Ɗiyata ta."

Kumandan ya kishingiɗa a kujera ya dubi sakatare.

"Kun gani? Uwar da sai ta yi dogon tunani kafin ta tuna sunan ɗiyarta. Koya mata aka yi a hanya. A ajiye dosiyen, sai an yi bincike."

Ƴaƴana, na ga rashin imani a rayuwata, amma ban ga irin wannan ba. Da a ce ta yi shiru, da ya ce ba ta sani ba. Da ta faɗa ya ce koya mata aka yi. Tun kafin mu bar Banifandu ya gama hukuncinsa, so kawai yake ya ga ko za ta iya. Ya karɓe wa tsohuwa abin da ta riƙe shekara da shekaru, bai ba ta komai ba. Yaya ta miƙe ta gyara mayafi ta fita. A taksi ba ta dube ni ba, ta taga take kallo har muka iso.

Na sauke ta na koma biro. Dosiyen yana nan cikin ordinatar, cikakke, babu abin da ya rage sai aikawa. Na kwafe shi a ɗan makullin ajiya da ake sokawa a jikin inji, na sa a aljihu. Kafin in tafi aikawa na biya gida, don ba ni kaɗai zan sha abin da zai biyo baya ba. Na ja uwarku gefe na gaya mata zan aika dosiyen kai tsaye ga likitocin, ba tare da sa hannun kowa ba, kuma in na yi haka aikina ya tafi.

Ta dubi tsakar gidan da ke cike da baki masu jiran tuwo. Ta dube ku, kuna wasa da murfin kwalba. Sannan ta ce,

"Kai dai ba ka taɓa ɗauko ƙaramar rigima ba. Da mi za mu ci da su?"

"Ban sani ba."

"To tsayuwar mi kake? Tahi kahin su ɗauke kuran, gari ya rasa wuta."

Da rana tsaka na shiga wani gidan intanet a Mawre, cikin samari masu hira da ƴan mata a allo. Na buɗe baƙin allona, na rubuta umarnin aikawa, na karanta shi harafi-harafi, na yi bisimilla na danna. Na haɗa da ɗan bayani cewa shugaban cibiya bai sa hannu ba, ga dalilinsa, ga kuma al'adarmu game da ɗan fari, su duba su yi hukunci. Ko wannan ban ɓoye ba. Allon ya yi shirunsa na kullum, na san ya tafi.

Ba a daɗe ba likitocin suka rubuto wa cibiyar, suka aika kwafi ma'aikatar lafiya, cewa sun ga dosiyen Zainabu, kuma ita za su fara ɗauka. Kumandan ba shi da yadda zai yi, ya sa hannu yana huci. A wannan makon aka miƙo mini takardar kora. Ba zai iya rubuta cewa na tsallake shi ba, don sai a tambaye shi me ya sa ya riƙe dosiyen. Sai ya rubuta jabun takardu. Wannan kalma ita ta bi ni. Babu cibiyar da ta sake ɗaukata, fanshona ya bi ruwa, na koma gyaran ordinatar da waya a rumfar kwano kusa da Piti Marshe, inda kuka san ni. Ku ma kun biya naku, don a shekarar aka cire ku daga lakwal mai kyau, makarantar kuɗi, kuma na san Abdu ya daɗe yana jin haushina. Da soja suka sauka na nemi a wanke ni, aka ce in kawo shaida. Yaron ɗan kasuwa an tafi da shi daga baya, yana nan da ransa, na yi masa murna. Kumandan kuwa na ji an ce yanzu sahun gaba yake salla.

Yarinyar ita ce Anti Zainabu ta Maraɗi, wadda ke aiko muku da ƙuli-ƙuli, mai tabo a ƙirji da ba ta son a tambaye ta. Ni na ɗauko ta daga filin jirgi ranar da ta dawo. Ta sauko daga taksi ta taka har tsakar gida ba ta tsaya neman numfashi ba, mata suka ɗauki guɗa, uwarku tana kuka tana dariya. Yaya tana zaune a gindin bango ta ba ƙofa baya, faifai a hannu, tana ta bakace. Yarinyar ta je ta durƙusa a bayanta ta ce,

"Yaya, na dawo."

Yaya ba ta juyo ba. Ta ce,

"Mariyama, ki ba wagga ruwa. Ta sha hanya."

Ina tsaye kusa da ita, sai na leƙa faifan. Babu ko ƙwayar gero a ciki. Tun da ta ji tsayuwar mota take bakacen iska.

Har Yaya ta rasu ba ta sake faɗin sunan ba, kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar wannan biro ba. Sau ɗaya ta faɗe shi a duniya, a durƙushe a kan siminti, kuma shi ne sunan da na rubuta. Duk wanda ya sake ce muku jabu ne, ku kawo mini shi tun ina da rai.